Hannun da Ban Ɗora Ba

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ban kama sunan ɗana na fari ba. Ba mantuwa ba ce, ba kuma ƙiyayya ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu, haka uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah. Mu asalinmu masu shanu ne, kakanninmu suka zauna a wani ƙauye kusa da Jahun suka haɗa da noma. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ranar da aka yaye shi ƙanwar mijina ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, ita ta riƙe shi har ta yi masa aure. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Adda yake ce mini, kamar yayarsa. In zan aika masa da man shanu Legas inda yake aiki, ita nake miƙa wa, in ce a kai wa mutanen can. Ya san hannun da ya kaɗa shi.

Kuma ba kaina kaɗai nake riƙewa da wannan ba. Duk yarinyar da aka auro gidanmu ta san ni. In na ga tana cilla ɗan fari sama a tsakar gida tana rangaɗa masa suna, sai in ce, "Ke, ajiye shi. Ba a kanki aka fara haihuwa ba." Suna cewa na cika tsanani. Su ce.

Bara da damina, lokacin dogon hutun makaranta, ɗan nawa ya zo gida da matarsa da 'ya'yansa uku. Matar 'yar kirki ce, ba zan zalunce ta ba, sai dai duk abin da ta gani a waya sai ta gwada. Kwana biyu da zuwansu ta shigo ɗakina ta durƙusa.

"Mama, jibi za mu je Dutse a yi mana hotuna. Yaran nan ba su taɓa ganin tsohon gari ba. Na ma ɗauki mai hoto."

"Kin ɗauke shi? Kamar ɗan ƙodago?"

"Namu ne mu kaɗai, daga safe har azahar. Duk inda muka sa ƙafa yana biye."

Ni abin da na sani, mai hoto yana cikin shagonsa a bakin kasuwar Jahun da labulensa. Ka je, ya ce kar ka motsa, ka tafi. Ban san ana hayar mutum ya riƙa bin ka kamar ƙuda ba. Na yi niyyar cewa ba inda za ni. Sai ƙanwar mijin nan tawa, wadda tun ina amarya ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba saboda tsokana, ta same ni a bayan rumbu ina tsince wake.

"Matar yaya, ki fito da zanen nan naki na ƙasan akwati. Ɗan naki ne ya ce in roƙe ki. Ya ce ba shi da hoto ko ɗaya da kuke ciki tare, kuma kowa sai girma yake yi."

"Ɗanki dai."

"To, ɗana. Ki shirya, kar ki ba mu kunya."

Na shirya. Ban ce ina so ba, amma na shirya.

Mun isa Garu, tsohon garin Dutse, da hantsi. Wanda bai ga Dutse da damina ba bai gan ta ba. Duwatsun nan sun yi wanka, ciyawa ta fito ta kowace tsaga, dabino tsaye a tsakaninsu, tsofaffin gidaje sun jingina da dutse kamar tare aka halicce su. Rabona da wurin tun wata ta'aziyya da muka zo, mijina yana raye.

Mai hoton ya riga mu zuwa. Ba yaro ba ne, da gemunsa, ya haura talatin. Kyamara biyu rataye a wuyansa, a hannunsa wani faifai mai walƙiya da yake karkato rana da shi zuwa fuskar mutum. Yana tsaye ƙiƙam ya ce mini, "Hajiya, sannu da hanya." Ko gwiwarsa bai lanƙwasa ba. Na lura.

Daga nan ya fara juya mu kamar ya samu awaki. Ku hau nan. Ku sauko. Ku yi tafiya kamar ba ku gan ni ba. Ku yi dariya. Na ce masa me aka faɗa na dariya? Ya ce ba sai an faɗa ba. Ƙanwar mijina kuwa abin nema ya samu, har da kama ƙugu a jikin dutse, tsohuwa da ita.

Hoton da na sake a cikinsa guda ne, ni da babban jikana. Jika ai miji ne, babu kunya tsakani. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya fi ni tsawo, ya ce, "Amarya, yau dai kin yi kwalliya, ko kishiya kika ji zan yi miki?" Na dafa kafaɗarsa na ce, "Da wane cefanen, malalaci?" Na yi dariya har haƙorana suka fito. Mai hoto ya yi ta dannawa.

Muka gangaro gindin wani dogon dabino. Sai ya tafa hannu.

"Yawwa. Yanzu saura uwa da ɗa. Alhaji, zo nan. Hajiya, matso jikinsa, ki ɗora hannu a kafaɗarsa kamar yadda kika yi wa yaron ɗazu."

Na tsaya inda nake.

"Hajiya, kira sunansa ya juyo ya kalle ki. Wannan shi ne hoton da ya fi kowanne."

Ƙanwar mijina ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Surukata ta ce a hankali, "Mama, na ƙiftawar ido ne fa." Shi kuwa mai hoto, da ya ga ban motsa ba, sai ya taho ya miƙo hannu zai kama gefen mayafina ya ja ni.

"Kai. Hannunka."

Ya janye.

"A gidanku ba a gaya maka mene ne ɗan fari ba?"

"Hajiya, ai wannan na da ne. Yanzu duniya ta ci gaba."

"To ta ci gaba ta bar ni a nan."

Ɗan nan nawa yana tsaye, kansa a ƙasa, yana juya makullin mota a hannu. Da furfurarsa, amma a wannan tsayuwa sai na ga yaron da yake leƙo ɗakina daga bakin ƙofa ba ya shigowa. Ya ɗago ya ce wa mai hoto, "Ƙyale Adda. Ɗauka a haka."

Ya tsaya a dama da dabinon, na tsaya a hagu, kututturen yana tsakaninmu. Na haɗa hannuwana a gaba, na dubi kyamara. Aka danna. A raina na ce alhamdulillahi, ya samu abin da yake so, ni ma ban zubar da nawa ba.

Ana gobe za su koma aka kawo hoton. An wanke shi babba, an sa masa katako da gilashi, an naɗe shi a takarda. La'asar ce, matan gida duk suna tsakar gida, har da maƙwabta biyu da suka shigo aron turmi. Surukata ta yage takardar ta jingina shi a bangon ɗakina.

Na ga wata tsohuwa sanye da zanena, ta manne da ɗana kafaɗa da kafaɗa. Babu dabino, an cire shi tun daga saiwa. Tsohuwar ta washe baki, haƙora a waje. Hannunta yana kan kafaɗarsa, da lallena, da zoben azurfata. Hannun da na ɗora wa jikana, da dariyar da na yi wa jikana, su aka yanko aka liƙa a nan.

Sai ƙanwar mijina ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Ashe a birni ake sakewa! Matar yaya, ashe haka kike in ba ma kallo?"

"Kina wurin. Kin ga inda na tsaya."

"Ni ina can ina kama ƙugu, me na gani? Ga dai hoto, hoto kuwa ba ya ƙarya."

Aka fashe da dariya. Wata daga cikin matan gidan, wadda ko wata biyu ba a yi ba da na tsawatar mata a kan ɗanta, ta ce ƙasa-ƙasa, amma don in ji, "Mu dai an ce mu ajiye namu." Ɗaya maƙwabciyar har ta zaro waya za ta ɗauki hoton hoton. Na san in ya shiga wayar nan, kafin magariba ya zaga ƙauye, kafin ranar kasuwa ya kai Jahun. Na sa jikina na tare.

"A kira mini mai hoton nan."

Surukata ta kira shi a waya, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Ashe ita ma ba ta ga hoton ba sai yanzu.

"Hajiya, kin ga aiki ko? Ai na gyara muku shi ne. Tazarar nan ta ɓata hoton, kamar kuna gaba da juna."

"Wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. Kowa haka yake so, ni na san aikina."

"Aikinka ka ɗauki abin da ka gani. Ka ga hannuna a kafaɗarsa?"

"A'a, amma—"

"To me ake kiran wanda ya ba da shaidar abin da bai gani ba? Shekara hamsin ina tsaye inda iyayena suka tsayar da ni, kai ka zauna a ɗaki da injinka ka tura ni. Ka yanke mini hannu ka kai inda ban kai shi ba. Da a kasuwa ka faɗi wannan da baki, da ƙazafi za a ce ka yi mini. Don ka sa masa gilashi shi ne ya zama gyara? Ka mayar da ni inda ka gan ni, ka mayar da dabinon mutane."

Ya ce zai wanko na ainihin. Ko haƙuri bai bayar ba, sai da surukata ta tuna masa.

Hayaniyar ce ta shigo da ɗana daga zaure. Ya tsaya ya daɗe yana kallon hoton. Bai yi dariya ba. Ya juya wajen goggonsa, don ta bakinta muke magana in abu ya yi nauyi.

"Inna, ki ce wa Adda ta bar mini wannan. Ba zan rataye shi ba, ba wanda zai gani. In tafi da shi kawai."

Na so in ce wa ƙanwar mijina ta gaya masa a'a. Haka ya kamata in yi. Amma raina ya riga ya ɓaci, bakina ya riga ni. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Me za ka yi da ƙarya? Wannan ba ni ba ce. Ni da na haife ka, da na kwana biyu a kan gwiwa kafin ka faɗo, ban tsaya haka ba. In hotona kake so ka jira na gaskiya."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. A gaban surukai, a gaban masu aron turmi. Tunda yake bai taɓa jin wannan daga bakina ba. Ya sunkuyar da kai, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ƙanwar mijina, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta buɗe shi ta rufe, ta ce, "La'ilaha illallahu," ta nemi kujera ta zauna.

Kunya ta rufe ni, ta koma haushi. Na kifa hoton a kan tabarma, na ɓamɓare katakon bayansa, na zaro takardar. Na ɗauko reza a kan taga na tsaga ta daga sama har ƙasa, daidai inda dabinon ya kamata ya tsaya. Tsohuwar mai washe baki ta faɗi gefe guda, na duƙunƙune ta na jefa a murhu.

Sai dai hannun bai biyo ta ba. Yana can ɓangarensa, a kan kafaɗarsa, da lalle da zobe. In zan cire shi sai na yanka kafaɗar, wannan kuwa ba zan iya ba. Na ajiye rezar.

Ya durƙusa ya ɗauki rabin nasa, ya naɗe shi a hankali kamar tabarmar salla, ya sa a hammata ya fita. Na juya na tambayi matan gida ko yau ba za a ɗora tuwo ba ne.

Na gaskiyar ya iso bayan mako guda, aka ba direban motar Legas ya kai masa. Ban yafe wa mai hoton nan ba tukuna. Ya sa ni faɗin abin da na yi niyyar shiga kabari da shi, kuma na ji an ce har yau yana nan a Dutse, ana ɗaukarsa haya.