Gudun Tamanin na Oom Tielman

Duk wanda ya saba bin hanyar teku daga garin Rehoboth lokacin hutun Disamba ya san bayan 'yar tirelar Oom Tielman Mouton, wato Kawu Tielman a yaren mutanen wurin, fiye da yadda ya san fuskar mai ita. Ruwan ƙasa ce, mai taya biyu, tanti a naɗe a samanta, tulun gas ɗaure a gaba. Farar a-kori-kura na jan ta, a bayanta kuma jerin motoci kamar masu rakiyar gawa, kowane direba na leƙo kai yana neman inda zai wuce. Oom Tielman ba ya haura gudun kilomita tamanin a awa a kan kwalta. In aka sauka kan burji kuwa sittin ne, shi ma sai ranar da ya tashi da nishaɗi.

Da ƙuruciyarsa famfunan ruwa masu aiki da iska yake gyarawa a gonakin makiyaya, ya yi ta hawa ƙarfe yana sauka har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya ajiye aiki, sai duk giris ɗin da ya rage masa a hannu ya koma kan tirela. Tun Oktoba zai ɗaga ta a jak, ya zare tayoyi, ya fiddo boris ya wanke da kananzir, ya riƙa juya su a hasken rana kamar mai cinikin zinariya, sannan ya cusa musu sabon giris da tafin hannu. Taya kuwa, ba ruwansa da kyan zanenta, shekarunta yake tambaya, don a cewarsa ba tafiya ke kashe tayar tirela ba, zama ne da dukan rana. Kaya masu nauyi wurinsu daidai saman tayoyi, ɗan gaba kaɗan. Wanda tsautsayi ya sa ya ajiye jarkar ruwa can wutsiya, to ya shirya shan huɗuba a kan yadda tirela ke fara rausaya, ta ja motar ita ma ta shiga rawar, daga nan sai a tsinci kowa a rami.

Matsalar ita ce duk abin da yake faɗa gaskiya ne, shi ya sa ba a taɓa kama shi ba.

Ga abin da mutane ba su lura da shi ba: Oom Tielman ba ya son teku. Hazon Henties Bay, garin bakin tekun da suke zuwa hutu, na shiga masa ƙashi, yashi na shiga masa burodi, tsayuwa da sandar kamun kifi tun safe kuwa yana ganinta aikin marasa aikin yi. Ga shi da zarar an kafa tanti, 'yan'uwan matarsa, Tannie Letta, wato Gwaggo Letta, sai su haɗiye ta ɗungurungum. Mata ne masu murya, kowacce da nata labarin ciwon ƙafa, shi kuma a tura shi hura wutar gashin nama. A gida ma ba ta canza zani ba: in ba ƙungiyar mawaƙan coci ba, jikoki, in ba jikoki ba, maƙwabciya a bakin shinge. Wuri ɗaya ne a duniya inda Letta ke zama kusa da shi babu kowa, babu inda za ta tashi ta je, wato gaban motar nan. A nan take ba shi labarin shekara guda daga farko, wa ya ɓata wa wa rai, me ta so ta faɗa masa a watan Mayu ta fasa.

Shi ya sa ba ya wuce bishiya mai teburin siminti a gefen hanya. Zai tsaya, ya zagaya, ya ɗora bayan hannu a cibiyar kowace taya ya ji ko ta yi zafi, ya girgiza sarƙa, ya duba mahaɗa. Kafin ya gama, Letta ta zuba kofi daga filas ta ɓare masa dafaffen ƙwai. Boris ɗin da aka yi wa irin wannan gata ba ya bukatar a taɓa shi a kowace bishiya, kuma Oom Tielman ya fi kowa sanin haka. Amma ko a zuciyarsa bai taɓa kiran abin da sunansa ba. In ya tambayi kansa, sai kansa ya ce masa taka-tsantsan ne, su rabu lafiya.

Wata Lahadi a watan Nuwamba, ana cin abinci bayan an taso daga coci, 'yarsu Ronelda ta ajiye cokali.

"Pa, bana Ma a motarmu za ta tafi."

"Wace Ma?"

"Ma nawa gare ni? Bayanta ba zai ɗauki kujerar motar Pa ba, wuni guda cur. Tamu akwai laushi, akwai sanyi. Kafin Pa ya gama gaisawa da bishiyoyin Okahandja mun isa mun yi wanka."

Mijinta Quinton, ma'aikacin banki mai tsoron surukinsa kamar wuta, ya duƙufa kan kabewar da ke farantinsa.

Oom Tielman ya dubi matarsa. "Bayanki na ciwo?"

"Tun Ista nake faɗa maka, tsoho. Da a ce ƙara nake yi kamar boris da tuni ka ji ni."

"To wa zai duba mini madubin hagu?"

"Madubin hagu ya makance ne?" in ji Ronelda.

"Akwai nauyi kuma. Mota in babu mutum a ɗaya ɓangaren, karkata take yi."

Letta ta ɗaga gira. "Au, ashe buhun siminti ka aura. To ka ɗora buhu biyu, za su fi ni shiru."

Aka kwashe da dariya, har Quinton ya ƙware. Oom Tielman ya tashi ya tafi wajen tirelarsa, ya sake auna iskar tayoyin da ya auna jiya.

Kwanaki ya yi yana kewaye maganar. Ya sayo matashin kujera mai kauri ya ajiye inda za ta gani. Ta gani, ta ce kyanwa ta gode. Ya ce ya ji ana cewa motoci irin na Ronelda na yawan mutuwa a hanya. Ta ce to in ya iso da daddare sai ya ja su. Rannan tana shanya a bayan gida, ya tsaya nesa kaɗan, yana murza hularsa.

"Letta. Zan iya yin casa'in."

Ta juyo da riga a hannu. Ta san mutumin nan tun yana da gashi, ba ta taɓa jin wannan kalma ta fito daga bakinsa ba.

"Casa'in? Kai? Da tirela?"

"In hanya ta miƙe. In babu iska."

"Ka rufa mana asiri, Tielman. Ka yi shekaru kana tsorata ni da rami, yanzu da tsufana za ka jefa ni ciki?" Ta maƙale rigar a igiya. "Me kake so ne takamaimai? Faɗi in ji."

Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kofi ba ya zubuwa daidai in mutum ɗaya ne."

"To sha ruwa," ta ce, amma ta juya masa baya da sauri don kada ya ga fuskarta. Ta daɗe da gane shi, tun wata shekara da ta ga ya taɓa taya ɗaya ya manta ɗayar, idonsa na kan filas. Ciwon bayan kuma na gaske ne, ba za ta yi masa ƙaryar ya warke ba. So take ta ga iyakar abin da zai iya bayarwa.

Ana jibi tafiya ya kira Quinton. Ya zagaya da shi tirelar kamar mai miƙa amana a gadon asibiti. Ya sa shi ya haɗa ta da mota ya kwance, ya sake haɗawa, ya gicciye sarƙoƙi a ƙarƙashin mahaɗa, ya gwada fitilun baya ɗaya bayan ɗaya.

"In ta fara rawa me za ka yi?"

"Birki, Pa."

"Birki! Ronelda, zo ki ji mijinki zai mai da ke bazawara. Ɗaga ƙafa za ka yi daga mai, ka riƙe sitiyari cak, ka bar ta ta huce da kanta. Nawa ne gudunka?"

"Tamanin, Pa."

"A gangara?"

"Ƙasa da haka, Pa."

Sai ya zaro makullin a-kori-kura, wanda ko Letta ba ta taɓa riƙewa ba, ya danƙa masa. "Kai da matarka ku ja. Ni zan tuƙa mai laushin, in kai uwarku."

Ronelda ta buɗe baki za ta yi magana, uwarta ta taka mata ƙafa.

Haka suka fita da safe, tirela a gaba, su a baya. Quinton, don tsabar tsoro, ya liƙe a saba'in, motoci suka jeru a bayansu fiye da kowace shekara. Letta ta kwantar da kujerarta, ta cire takalmi, ta fara daga watan Janairu, da rigimar da aka yi kan wa zai jagoranci waƙa ranar bikin girbi. Oom Tielman na cewa "uhm," idonsa kafe a kan tayar hagu ta tirelar.

"Ka ga, ka ga! Ya hau bakin kwalta."

"Da ni ka zo ko da ita?"

"Ina jin ki. Tannie Griet ta ƙungiyar mawaƙa ta ce me?"

"Ban kai kan Griet ba tukuna. Wuce su, tsoho. Muddin tana gabanka ba ni da miji."

Ya ci gaba da bin bayan tirelar har suka wuce garin Karibib. Da hanya ta miƙe, babu kowa a gaba, ya kunna sigina tun da sauran nisa, ya fita a hankali. Suka jera da tirelar. Bai taɓa ganin ta tana tafiya ba sai ta madubi. Ga ta nan a gefensa, tayoyi na juyawa sumul, ba ko girgiza, tanti a ɗaure tamau.

"Kai," ya ce a hankali, "ashe kyakkyawa ce."

"Ka ji shi. Ni rabon da in ji wannan daga bakinka tun ranar ɗaurin aure, shi ma fasto ne ya zungure ka."

Oom Tielman ya ƙarasa wucewa, ya ɗaga wa Quinton yatsa ɗaya na gargaɗi, ya koma hannunsa. Sai ya kai hannu ya karkatar da madubin tsakiya sama, inda ba abin da zai gani sai rufin mota.

"To," ya ce, "Janairu. Koma farko, ban ji komai ba."