Fartanyar da Aka Rataye a Bango

Ranar da zan taho karatu Manchester, Baba ya juya tafin hannuna ya ce, "Hannun nan ya mutu, biro ya cinye shi." Maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma ba ya wasa da magana. Shekara uku maganar tana ci na a rai.

Lokacin gwamnatin Ingila na ta tsuke bakin aljihu, hukumomin gari na rufe wurare ɗaya bayan ɗaya. Wani abokina a Birmingham ya ce akwai maƙera a wani tsohon sito a unguwar Ladywood, saura wata biyu a garƙame shi. Washegari na hau bas.

Mai wurin dattijuwa ce 'yar Finland, damtsenta ya fi nawa. Ta nuna mini abin da take ƙerawa: injin niƙa na tatsuniyar ƙasarsu, wanda aka ce wani maƙeri ya yi, yana zubo gari da gishiri da dukiya. Kyau kam ba a magana. Na ce, "Yana niƙa?" Ta ce a'a, na kallo ne. Na kwashe da dariya, na ce mu a gidanmu ƙarfen da ba ya aiki asarar gawayi ne. Sai ta miƙo mini guduma.

Kai, na sha kunya! Uwar maƙerarsu a kan kututture take, a tsaye ake dukan ƙarfe. Na kai duka uku, biyu suka sauka a gefe. Ni kuwa a zaune na koya, yadda ake yi a gidanmu. Na ce a sauke mini ita ƙasa. Ta zaro ido, amma muka kinkimo ta. Na naɗe ƙafar wando na zauna dirshan, nan take hannun ya tuna aikinsa. Kafin la'asar na fitar da ruwan fartanya.

Ranar baje kolin rufe wurin ta rataye fartanyar a bango, Turawa na ta ɗaukar hoto, kaina ya kumbura. Na tura wa ƙanwata hoton ta nuna wa Baba, sannan na kira shi.

"Na gani," in ji shi. "Wa ke noma da ita?"

Raina ya ɓaci sosai, amma gaskiyarsa ce. Dariyar da na yi wa matar nan ce ta dawo kaina.

Na koma na karɓo kayata, dattijuwar na tsokanata wai ko zan kai ta niƙa ne. Na sa mata ƙota, na sassare bayan gidan da nake haya a unguwar Gorton a Manchester, ƙasa mai danƙo cike da fasassun bulo. Na sake tura hoto, duk ta yi dumu-dumu da laka.

Na kira Baba a waya. Ya ce, "Bakin ya yi kauri ta hagu. Ka nemi wuta ka gyara, maƙeri."