Haƙarƙarin Kambai

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan bayan yaƙin basasa ya san Kambai, ɗan dakon nan mai tafiya a karkace, hannu dafe da gefen hagu. Ni Afiniki na fi kowa saninsa, don a gefen kaskon ƙosaina yake hutawa, ya ci na safe, ya ce gishiri ya yi yawa.

Mutumin wajen Zonkwa ne, da can kafinta. Ya auri Ijeamaka, 'yar wani makanikin reluwe daga Gabas. Da rikici ya tashi, ta shiga jirgi ta raka tsohon ubanta gida, ta ce da ƙura ta lafa za ta dawo. Aka gama yaƙi, mutanen Gabas suka riƙa dawowa suna buɗe shagunansu, ita shiru. Sai Kambai ya ajiye zarto ya kama dako, don kada jirgin Inugu ya tsaya ba ya wurin.

Cikin waɗanda suka dawo akwai Fabian mai kayan keke, wanda suka tafi a tarago ɗaya da su Ijeamaka. Kambai ya tare shi tun bai sauke akwati ba.

"Ina Ijeamaka da Baba?"

Fabian ya sunkuyar da kai. "Ya rasu a hanya, ɗan'uwana."

To, a nan garin "ya" ɗinmu na kowa ne, mace da namiji. Shi kansa Kambai "matana ya iya miya" yake cewa. Amma ran nan sai ga shi ya zama malamin Hausa. Ya zo wurina yana haki: "Afiniki, ya ce ya rasu. Bai ce ta ba. Tsoho ne ya tafi, Allah ya ba shi hutu."

Na ci gaba da juya ƙosaina. Matar Fabian ta riga ta gaya mana a zumuntar mata ta coci cewa zazzaɓi ya kama Ijeamaka, an binne ta kafin su kai gida, tsohon kuwa yana nan da ransa. Gari duka ya sani, aka rasa mai ƙarfin halin faɗa masa. Kambai kuma bai sake bi ta ƙofar shagon Fabian ba.

Ciwon ya fara ne da kakar citta. Ya sunkuci buhu ya murɗa jiki, wani abu ya soke shi tsakanin haƙarƙari. Daga nan in ya ja dogon numfashi sai ya ciji leɓe, tari ya zama azaba, dariya ma ya daina. Malamin dispensa ya danna wurin da yatsa, Kambai ya zabura. Ya ce ba zuciya ba ce, ba huhu ba, naman da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya jawu, maganinsa ruwan ɗumi da man zafi, a kuma bar ɗaukar kaya har ya warke. 'Yan dako suka sa shi gaba da tsiya, wai ai a coci an ce daga haƙarƙari aka yi mace, nasa ya tafi Gabas, dole wurin ya yi zogi. Shi bai ɗauke ta wasa ba. Ya ƙi hutun, ciwon ya zauna shekara da shekaru. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin.

Wata damina tari ya haɗu da ciwon ya kwantar da shi. Na kai masa kunu, na iske Fabian ya zo dubiya da kwalbar man zafi. A lokacin Hausar Fabian ta miƙe sarai, har gyara wa yaran shagonsa yake yi. Yana cikin shafa masa man, Kambai ya riƙe hannunsa.

"Fabian, ran nan da ka sauka, me ka ce mini?"

Na ajiye kwanon. Fabian ya dubi hannun da ya riƙe shi.

"Na ce ya rasu."

"Ya?"

"Ya."

Kambai ya saki numfashi a hankali, yadda masu wannan ciwon ke yi. Da ya samu sauƙi ya miƙe, ya zo ya zauna gefen kaskona da wankakkiyar riga, ya tambaye ni ko jirgin Inugu ya shigo. Na ce masa tukuna.