Larabar da Babu Ita a Littafina

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, na taɓa wallafa littafi. Kada ku ji an ce littafi ku ɗauka wani tafkeke ne. Shafi goma sha shida ne, mai jan bango, in ka naɗe shi sai ya shige aljihun 'yar shara. Labarin jinyata na rubuta a ciki, ko kuwa in ce abin da na zaci shi ne labarin jinyata.

Lokacin ina saurayi, muna zaune a Madabo ni da mahaifiyata, mahaifina ya daɗe da rasuwa. Da safe ina ɗinki a rumfar baffana, ƙanin mahaifina, wajen Ƙofar Wambai. Da yamma kuma ina koya wa manya karatun boko a wani zaure a Shahuci. Cikin wata bazara sai sanƙarau ya shigo gari. Ina tuna ranar da na dawo gida da ciwon kai, wuyana ya ƙi juyuwa, na ce a saki asabarin ɗaki don haske yana sokar mini ido. Abu na gaba da na sani, na buɗe ido na gan ni a kan tabarma cikin wata rumfar zana a bayan ganuwa, inda ake keɓe masu cutar. Na rame na zama tsinke, kunnena na hagu ya daina ji. Tsakanin wancan da wannan babu komai a kaina, ko mafarki.

Bayan na murmure na koma aji, sai mai duba azuzuwanmu ya ce masu buga littattafai a Zariya suna neman gajerun labarai don sababbin masu karatu. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka sha da ƙyar, ai kai ya kamata ka rubuta." Na ji kaina ya kumbura. Na sayi littafin rubutu, na feƙe fensir, na zauna a soro. Na rubuta ciwon kai, na rubuta wuya, sai fensir ya tsaya. Sai a lokacin na lura mutumin da zai ba da labarin ba ya nan sa'ad da aka yi abin.

To, sai na shiga tambaya.

Na fara da baffana. Yana taka keken ɗinki, bai ko ɗago ba, ya ce, "Kwana tara ka yi ba ka san inda kake ba. Rubutun da na karɓo maka shi ya tashe ka. Ran Talata 'yan duba-gari suka zo suka ɗauke ka." Na rubuta.

Na je wajen abokina, wanda muka tashi tare tun muna yara, mai gyaran keke ne a bakin kasuwa. Ya ce, "Wane irin kwana tara? Ashirin ka yi. Kuma ni na tura ka a amalanke har bayan ganuwa, ran Alhamis. Allura ce da fararen ƙwayoyi suka tashe ka, ba wani abu ba." Na ce ai baffa ya ce 'yan duba-gari ne. Ya sunkuya yana laluben huji a cikin robar taya, ya ce, "To, rubuta nasa mana."

Mahaifiyata kuwa ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta ma cika kallona in tana magana ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Inna, kwana nawa na yi?" Ta ce ita ba ta ƙirga ba. Na ce wa ya kai ni rumfa? Ta ce, "Mutane." Na ce to me ya warkar da ni? Ta ce, "Wanda ya kwantar da kai." Shi ke nan abin da na samu.

Na rasa yadda zan yi, sai na zuba duka a takarda, na kai gidan waya. Wata uku shiru, har na fitar da rai. Sai ga wasiƙa daga mai gyaran rubutunsu, cikin ladabi ƙwarai. Ya ce labarin yana da amfani, amma a shafi na uku na ce kwana tara, a na bakwai na ce ashirin, kuma an kai ni rumfa sau biyu, Talata da Alhamis. Ya ƙare da tambayar da har yau in na tuna sai na yi dariya: "Shin Malam, kai ne mai jinyar, ko labari aka ba ka?"

Gaskiyar amsa ita ce duka biyun, amma wa zai rubuta haka? Na zaɓi maganar abokina, don na fahimci irinta suke so, wadda za ta sa mutane su kai marasa lafiya wajen likita. Na bar wa baffa layi biyu a kan rubutun shan da ya karɓo don kada ya yi fushi.

Da littafin ya fito, a bango an zana wani ƙaton mutum mai gemu kwance a gadon ƙarfe. Ni kuwa ko gashin baki ban ajiye ba, gadon ƙarfe kuma ban taɓa hawa ba. Duk da haka na yi ta yawo da shi a aljihu. Mutane suka fara tare ni a hanya suna tambayata yadda mai sanƙarau yake ji in cutar ta yi tsanani. Sai in karkata kunnen dama, in gyara murya, in karanto musu abin da abokina ya faɗa mini, kamar ni na gani da idona.

Wata rana bayan la'asar na ce bari in karanta wa mahaifiyata. Tana zaune a tsakar gida tana kaɗi, mazari yana juyawa, ni ina nesa kaɗan a kan turmi. Na karanta tun daga farko har ƙarshe. Da na rufe sai ta ce, "Ya ƙare?"

Na ce, "Ya ƙare, Inna."

Ta ce, "To ina Larabar?"

Na zaci kunnena ne. Na juyo na dama na ce, "Wace Laraba?"

Ta ajiye mazarin. Sannan, tana kallon bango, ta ce ranar Laraba da hantsi jikina ya yi sanyi, numfashi ya ɗauke. Baffana ya shiga ya duba, ya fito ya yi salati, ya ce sai haƙuri. Aka aika kasuwa aka sayo farin yadi. Aka ɗora ruwan wanka. Abokina ya ɗauki diga ya bi masu haƙa zuwa maƙabarta. Mata suka cika gida.

Ta ce, "Ni kuwa kunya ta hana ni kuka a gaban mutane. Sai na ce bari in shiga in ɗauko tabarma. Da na shiga, da ɗan silin auduga a hannuna, ban san ma ina riƙe da shi ba. Na sa shi a bakin hancinka. Na ga ya motsa. Na ce idona ne. Na sake sawa, ya sake motsawa."

Ta ce daga nan aka bi abokina da gudu, ya dawo duk jikinsa jar ƙasa, washegari ya ɗauke ni a amalanke zuwa rumfar zana. Bayan na farfaɗo su ukun suka yi shawara kada a gaya mini, wai kada abin ya taɓa mini hankali.

Na zauna da littafin a cinyata, ban san ko in yi kuka ba, ko in yi godiya, ko in ji haushi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To yadin fa?" Ta ɗauki mazarinta ta ce, "Ba a kai ga yanka shi ba. Yana cikin adakata. Ai ba zai rasa mai shi ba."

Washegari na je rumfar abokina na ce, "Ashe haka kuka yi mini?" Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Me kake so in ce maka? In ce ni na auna tsawonka da kara? Ka sa wannan a littafi almajiranka su riƙa haɗa baƙinsa?" Ya juya ya kama wani keke da babu abin da ya same shi yana ta murɗa. Baffana kuwa har ya bar duniya bai yarda mun yi zancen ba. In na ɗauko sai ya ce in miƙo masa almakashi.

Sau da yawa na yi niyyar rubuta wa mutanen Zariya su ƙara shafi ɗaya. In na zauna sai in rasa ta inda zan fara, don ranar ba tawa ba ce. Ni ina kwance ban san komai ba. Su ne suka yi jinyar, su suka yi rashin, su kuma aka mayar wa, ni sunana kawai aka buga a bango. Har yanzu in aka tambaye ni ko abin da ke cikin littafin gaskiya ne, sai in tsaya ina inda-inda. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma kuma ba abin da ya faru ke nan ba.

Mahaifiyata ta ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya. Ranar da ta rasu, da aka fara zancen aikawa kasuwa, na ce a dakata. Na buɗe adakarta, na tarar da yadin a can ƙasa, a naɗe cikin tsohon zane, yana ƙamshin turaren wuta. Da yake ni maɗinki ne, ni na yanka shi da hannuna.