Gurbin Hannu a Jikin Ƙota

Gidanmu gidan maƙera ne, a wani ƙauye gabas da Damagaram. Lokacin ɗari, in an sallaci magariba, Baba yakan rataye awartaki ya bar sauran garwashi a maƙera. Iya, mahaifiyarsa, ita ke gaje wurin. Ta jawo ƴar kujerarta kusa da uwar maƙera, ta binne gujiya cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta muna miƙa ƙafafu wajen wuta. Har yau in na shaƙi warin gawayi da ƙarfe, muryarta nake ji.

Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Ta buga sandarta sau biyu a jikin uwar maƙera, ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce, "Ta zauna nan, Iya." In na cika matsowa sai ta ture ni da gwiwa. "Ja can, mijin banza. Ko goro ba ka taɓa saya mini ba, sai cinye mini gujiya."

Akwai guda ɗaya da in za ta yi ta, ba ta tsokanar kowa. Wai wani soja ne ya dawo daga yaƙin Nasara da ƴar bindiga a ɗamararsa. Bai daɗe ba ya rasu. Bindigar ta yi shekaru a rataye har tsatsa ta cinye ta, sai ɗansa ya kai wa maƙeri ya gyara. Maƙerin gwani ne, amma mai son yabo. Ya cire tsatsa tas. Sai ya ga ƙotar ta lotsa a inda babban yatsan mamacin ya saba kwanciya. Ya ɗauki magagari ya goge wurin har ya yi sumul. Da ɗan ya zo karɓa, ya juya ta, ya ce wannan ba ta ubansa ba ce, ya tafi ya bar ta nan.

Tun daga ranar, kullum in rana ta yi ja, sai wani mutum mai kama da mamacin ya tsaya a bakin maƙera, ba sallama. Ya ɗauki ƙarafa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa a tafinsa. Har bindigar tasa yakan ɗauka, ya riƙe, ya ajiye, don hannunsa bai gane ta ba. Bai taɓa cutar da kowa ba. Nema kawai yake yi.

Na taɓa tambayar ta, "Iya, daga baya ya tafi?"

Ta ce, "Ya tafi ina? Wanda bai ga kayansa ba, ai ba ya tafiya." Ta tono gujiya ta raba mana. "Tsatsa ta maƙeri ce, ya cire abarsa. Gurbin hannu kuwa na mai shi ne."

Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, aikin hannu ne ya kawo ni Faransa. Yanzu ina Villeurbanne, kusa da Lyon, wajen wani tsohon Bature mai gyara tsofaffin ƙananan bindigogin soja. Masu tara su ne ke aiko mana. Yawancinsu ba su ƙara yin harbi har abada, cikin akwatin gilashi ake jera su. Ni ke cire tsatsa, ni ke aikin katako.

Da daminar da ta wuce Iya ta rasu. Ina cikin taram, jirgin cikin gari, ƙanwata Rakiya ta kira ni. Kafin in gama gane abin da take faɗi, ta ce har an dawo daga maƙabarta. Ban samu zuwa ba.

Bayan sadakar arba'in da ƴan kwanaki, aka aiko mana da wata ƴar bindiga libarba daga Paris, wadda ta girmi mahaifina nesa. Da na wanke dattin ƙotar, sai ga wuri a lotse daidai babban yatsa. Kusa da shi an yi tsaga uku da bakin wuƙa, irin wadda na sha gani a kumatun tsofaffin wajenmu. Ban ce ta Bahaushe ba ce. Allah ne Masani. Takardar da ta zo da ita ta ce a goge katakon ya koma sabo.

Na ɗauki magagari, na daɗe riƙe da shi.

Maigidana ya leƙo ta saman tabarau. "Lawali, ba ka da lafiya ne?"

Na ce, "Lafiya lau. Wurin nan ne ba zan iya gogewa ba."

Ya karɓa, ya ɗora yatsansa a gurbin. Ya ce, "Da tawa ce da na bar shi. Amma ba tawa ba ce. In ka isa, je ka Paris ka faɗa wa mai ita da bakinka. In ya ƙi, jibi ni zan goge."

Na shiga jirgin ƙasa da hotunan ƙotar a wayata. Mutumin dattijo ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya ba ni kofi. Ɗakinsa cike da akwatunan gilashi, bindigogi a jere suna walƙiya, ba ka iya cewa hannu ya taɓa riƙe ko ɗaya. Ban ba shi tatsuniyar Iya ba. Na dai nuna masa hoton, na ce wani ya rayu da abin nan a hannu, wannan ne kaɗai ya rage nasa.

Ya duba sosai. Ya ce, "Na gane. Amma ni yadda aka ƙera su nake tarawa, ba abin da sojoji suka yi musu ba."

Na ce to ya bari in sassaƙa mata sabuwar ƙota da irin itacen, ya ba ni tsohuwar.

Ya ɗaga kafaɗa. "Ɗauki mana. Da ma shara za ta."

A hanyar komowa Lyon ne na tuna da hauyar da ke bayan ƙofar ɗakin Iya. Ta yayanta ce, Ɗan'azumi, wanda aka ɗauka soja tun ba a haifi Baba ba, bai kuma dawo ba. Kowace damina Baba sai ya ce bari ya sake mata ƙota, ta ce a bar ta. Ina yaro na ɗauka rigimar tsufa ce, na kuma ɗauka tatsuniyar don ta tsorata mu ce. Ashe jira take yi. Ta ajiye masa abin da hannunsa zai gane.

Daga cikin jirgin na kira Rakiya. Bayan gaisuwa na ce, "Hauyar nan ta ɗakin Iya tana nan?"

"Tana nan, Yaya. Me za ka yi da ita daga can, noman ƙanƙara?"

Na ce, "Kada dai kowa ya sake mata ƙota."

Na gama aikin, bindigar ta koma Paris da sabon katako. Tsohuwar ƙotar tana kan tagar ɗakina, ɓari biyu, na ɗaure su da zare. Wani lokaci, in rana ta yi ja a kan rufin gidajen unguwarmu, nakan ji takun mutum a matakala, sai in tsaya da abin da nake yi har ya wuce. Ba tsoro ba ne irin na da. In mai ƙotar ya zo, zai ɗora yatsansa ya gane wurinsa. Ƙarfen ne ban san yadda zan gaya masa inda yake ba.