Namadi da Kaburbura Tara Marasa Alama

Kowace safiya Namadi kan saɓa daginsa ya nufi maƙabartar garinmu, yamma da Bagudo, daf da iyakar Dahomai. Shekara talatin yana haƙa kabari. Bana ƙugu ya gaza, ya ajiye aiki, kuma babu takardar yabo da ta fito daga ofis. Ofis bai san wanda bai taɓa kai masa koke ba.

Jim kaɗan bayan samun mulkin kai aka tuɓe hakiminmu, ya tsere ƙetare. A zamaninsa ko tari sai da izini. Da ya faɗi, dattawa suka karɓi ragamar gari, talakawa suka sami bakin magana. Farkon abin da suka yi da bakin shi ne gardamar inda hannu zai zauna a salla: masu kabalu suna naɗewa a ƙirji, masu sadalu suna sakewa. Wata Juma'a gardama ta koma sara. Mutum tara suka kwanta dama.

Kowa ya kulle ƙofarsa. Namadi kaɗai ya fito, ya wanke su, ya sallace su, ya rufe su a jere, bai kafa ko tsinke ba. Cikinsu har da ɗansa Sambo.

Hukuncin farko da dattawa suka zartar shi ne a raba maƙabarta biyu, a tone gawawwakin, kowa ya ɗauki nasa. Alhaji Attahiru, shugaban zaman, ya ce, "Namadi, gwada muna wa ke ina."

"Alhaji, na mance."

"Har ɗanka?"

"Duk gabas suka duba. Kuma babu wanda yac ce in naɗe mai hannu."

Aka yi masa barazanar kora. Ya miƙa dagi ya ce mai so ya karɓa. Ba a sami mai so ba. Maƙabarta ta zauna ɗaya, masu ziyara daga ɓangarorin biyu suka riƙa yi wa taran addu'a gaba ɗaya, don gudun tsallake nasu.

Kai ne ka biya farashin, Namadi, bango madafar bayi. Matarka Mero ta ce, "Malam, ni ɗai, gwada man inda ɗana yake." Ka sunkuyar da kai, domin ka san idon gari zai bi sawunta. Ta rasu ba ta sani ba, kai ka haƙa kabarinta.

Mun gode, Allah Ya saka maka. Masu riƙe da gari su koyi abin da ake haɗiyewa don a zauna lafiya. Ba ka manta ba. Har yau kana tsayawa kan kowane kabari cikin taran, tsawon tsayuwarka daidai da ta na kusa da shi, kada mai leƙe ya gane.