Hannun Daman Na Rami

Na Rami ake ce masa, don ko matarsa in ta zo gareji nemansa, ƙasa take dubawa. Tun yana saurayi ya sauka ramin da ake gyaran ƙarƙashin mota, a ciki kuma ya yi furfura. Inji bai dame shi ba, wayar lantarki kuwa cewa yake aikin masu tsoron dauɗa ne. Nasa shi ne giyabos, musamman ƙaramin nan da ke manne a bayan babban a motocin shiga daji, wanda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Da ramin nan ya ci da 'ya'yansa har ya aurar da su. Babbar 'yar ma mai garejin na yanzu take aure, ɗan marigayi maigidansa. Ga shi suruki, ga shi maigida, abin da Na Rami ke haɗiyewa kullum kamar magani mai ɗaci.

Wata safiya ya tashi ya ji hannunsa na dama ya yi nauyi. Ya ce kwanciya ce, zai sake. Ina! Yatsun suka ƙi riƙe ko cokali. Matarsa kaɗai ta sani, don ita ke sa masa maɓallin riga.

"Malam, don Allah ka gaya wa surukin nan naka," in ji ta.

"In gaya masa me? Ya fid da ni daga rami, ya ajiye ni a benci ina gadin tayoyi, 'yata na aiko mini da kwano? Allah ya kiyashe ni da wannan rana."

Tsoro yake ji, tsoro na gaske, shi da bai taɓa tsoron mota ta faɗo masa ba. Sai ya koma aiki da hagu, na daman yana cikin aljihu. Rami ya rufa masa asiri, don ba mai leƙa abin da tsoho ke yi a ƙasa.

Ana nan, sai ga motar masu haƙar rijiyar burtsatse, ƙafafunta duk laka. Direban, wanda ake kira Ɗan Gaggawa, ya dire galan a bakin rami.

"Baba, a canza man ƙaramin giyabos. Ga mai na zo da shi. Yi maza, ana jirana a daji."

Na Rami ya tsoma yatsa ya murza, ya yi tsaki.

"Wannan mai kaurin za ka ɗura mata? Sarƙa ce a ciki, da ɗan famfo da ke watsa mata mai. Ka ba shi wannan kunun, ya kasa ja, sarƙa ta bushe ta ci kanta kana tsakiyar daji. Jan man nan mara kauri take sha. Araha ba ta ado, je ka canzo."

Direba ya je ya dawo yana gunaguni, ya tsuguna a bakin rami ya zuba masa ido.

To, noti biyu ne a jikin akwatin: na sama inda ake zuba mai, na ƙasa inda ake tsiyaye shi. Kowane bakanike ya san na sama ake fara kwancewa, don in ka zubar da tsohon mai sannan na sama ya ƙi, da me za ka cika? Na Rami ya sa sufana a na sama, ya ja da hagu. Ko gezau. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Notin ya cije.

"A'a, Baba, yau ba a karya ba ne?" in ji direba yana dariya.

Wannan dariyar ce ta cuce shi. Don dai a ji aiki na tafiya, sai ya kai sufana ga na ƙasa, shi kuwa ya kwance salin alin. Baƙin mai ya tsiyaye cikin tasa har ya ƙare. Yana kallo yana sane da abin da ya aikata.

Ya koma kan na sama. Ya zura wa sufana bututun ƙarfe don ƙarin tsawo, ya rataya a kai da duk nauyinsa. Da hannun dama ne, da ya gaya masa inda zai tsaya, don shi ya san lokacin da ƙarfe ke shirin ba da kai da lokacin da yake shirin karyewa. Hagu kuwa ba ta san komai ba sai ja. Ƙas! Jikin akwatin ya tsage daga bakin notin har ƙasa.

Direba ya ɗora hannu a ka yana salati, ya cika gareji da ihu. Makanikai suka bar aikinsu suka kewaye ramin. Mai gareji ya fito daga ofis, ya durƙusa ya haska tocila, ya ga tsagar, ya ga tasar mai, ya ga notin sama na nan daram.

"Baba, na ƙasa ka fara kwancewa? Kai?"

Na Rami ya ajiye sufana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai gareji ya sa aka tura motar gaba, haske ya faɗa cikin ramin. Tsohon na tsaye, mai ya jiƙa masa wando. Ya nufi matakala, ƙafarsa ta zame a kan man, ya kai dama zai dafa bango, hannun ya sulale kamar tsumma. Ya zauna daɓas a ƙasa. Kowa ya gani.

Surukin ya daɗe yana kallon hannun. Da ya yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Sai ya sauko da kansa, da fararen kayansa, ya tallabe shi a hankali kamar mai jinya, ya fito da shi.

"Ku kawo wa Baba benci," in ji shi. "Ku sa masa a inuwa."

Aka kawo, aka goge masa. Na Rami ya zauna. Yana ji surukin na waya ƙasa-ƙasa, yana gaya wa matarsa, 'yar Na Rami, daga yau ta riƙa zuba abincin rana da na Baba.